Tsibirin Shaiɗan ko tsibirin Robben: shawarar da na ba Kawu

Wata Juma'a bayan La'asar Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi a zaurensa na Runjin Sambo, ya baje takardu biyu masu sheƙi a kan buzu, ɗaya ya danne ta da carbi, ɗaya da gidan tabarau, don kada iskar hunturu ta yi gaba da su. Kawu ya yi shekara 35 yana koyar da tarihi kafin ya ajiye alli. Bana 'ya'yansa suka haɗa kuɗi suka ce tun da sauran ƙarfinsa ya zaɓi tafiya guda a jirgin ruwan yawon buɗe ido, shi da Hajiya. Makka da Madina sun je ba sau ɗaya ba. Wannan karon so yake ya taka irin wurin da ya daɗe yana ba ɗalibai labarinsa, wato tsibirin da masu mulki suka mayar kurkuku.

Ya tura mini takardun ya ce, "Ɗana, kai ka san ruwa. Ga tahiya biyu, kuɗɗin guda muka da. Wacce za mu ɗauka?"

Dalilin da ya sa ya kira ni shi ne na yi shekara shida ina aikin jinya a ɗakin shan magani na irin waɗannan jirage, kuma tsibiran biyu duk na taka su fiye da sau ɗaya. Takarda ta farko tafiyar mako biyu da 'yan kwanaki ce: a tashi daga yankin Karibiyan, a bi gaɓar Kudancin Amurka, a shiga kogin Amazon har birnin Manaus na Birazil, a kan hanya a tsaya rabin yini a wurin da aka rubuta da manyan baƙaƙe, Tsibirin Shaiɗan. Ta biyu gajeriya ce, a gaɓar Afirka ta Kudu, ta fara daga Cape Town, inda tsibirin Robben yake. Abin da na gaya masa a zaune shi nake rubutawa a nan, na ƙara da abin da lokaci bai ba ni damar faɗa ba kafin a kira Magariba, domin na san akwai irin Kawu da yawa da ke riƙe da irin waɗannan takardu.

Abu na farko da ya kamata mutum ya sani shi ne Tsibirin Shaiɗan ba a sauka a kansa. Tsibirai uku ne a jere kamar duwatsun murhu, kilomita goma sha wani abu daga garin Kuru a gaɓar Giyana ta Faransa. Faransawa na kiransu tsibiran tsira, saboda nan ne ragowar mutanen da annoba ta ƙare a yunƙurin kafa mazauni a Kuru a 1763 da 1764 suka fake. Babban shi ne Royale, sai Saint-Joseph, sai ƙaramin, wanda shi ne na Shaiɗan. Wannan ƙaramin an hana baƙi hawansa, kuma ruwan da ke tsakaninsa da Royale yana da ƙarfin da ko a zamanin kurkukun da igiyar ƙarfe ake tura wa mutanen cikinsa abinci. Jirgi zai sauke ka ne a Royale, ka tsaya a gefe ka hango na Shaiɗan a ƙetaren mashigi. Masu tallar tafiya suna sa sunansa a gaba don shi ya fi jan kunne. Na gaya wa Kawu wannan tun farko don kada ya biya kuɗi da hoton wani wuri a ransa, ya tarar da wani.

Tarihin wurin kuwa mai nauyi ne. Faransa ta fara jigilar fursunoni zuwa Giyana a 1852, zamanin Napoleon na Uku, an tsayar da kai sababbi a 1938, na ƙarshe suka bar ƙasar a 1953. A cikin wannan shekara ɗari an kai mutum wajen dubu 70, kuma kaɗan ne suka sake ganin gida. Akasarinsu a sansanonin gwale-gwale na cikin daji aka ajiye su, musamman wajen Saint-Laurent a bakin kogin Maroni, inda zazzaɓin cizon sauro da na shawara da atini suka yi ta kwasarsu. Tsibiran an ware su ne ga waɗanda ake tsoron su gudu, da masu taurin kai, da fursunonin siyasa. Dokar 1854 ita ce ta fi ba Kawu mamaki: wanda aka yanke wa ƙasa da shekara takwas, in ya gama, sai ya sake zama a Giyana gwargwadon shekarun da ya yi a ɗaure kafin a bar shi ya koma. Wanda aka yanke wa takwas ko fiye, shi da gida har abada. Ba Faransawa kaɗai ba ne. An kai Musulmi masu yawa daga Aljeriya, an kai 'yan yankin Indochina, duk daga ƙasashen da Faransa ta mallake.

Mutumin da ya sa duniya ta san ƙaramin tsibirin shi ne Alfred Dreyfus, kyaftin ɗin soja Bayahude da aka yi wa ƙazafin sayar wa Jamus da asirin soja. An ajiye shi a can daga 1895 zuwa 1899 a wani ɗan ɗakin dutse, an hana masu gadinsa yi masa magana, akwai lokacin da ake sa masa mari a kan gado da dare, aka kuma kewaye ɗakin da shingen da ya tsare masa ganin teku. Sai a 1906 kotu ta wanke shi sarai. Daga gefen Royale ana hango ɗakin a cikin itatuwan kwakwa, ƙarami kamar rumbu.

Idan aka sauka a Royale, abin da zai fara kama mutum shi ne kyawun wurin, kuma wannan kyawun yana da wuyar ɗauka. Kwakwa ta rufe ko'ina, birai na tsalle a kan rassa, wasu dabbobi masu kama da gyazbi na kiwo a gindin bango ba sa ko gudun mutum, kunkurun teku na ɗago kai kusa da matsayar jirage. Hanyar dutse da fursunoni suka shimfiɗa da hannunsu ta hau tudu zuwa inda gine-ginen suke: asibiti, coci da wani fursuna da aka ɗaure kan buga jabun kuɗi ya yi wa zane, gidan shugaban kurkuku wanda yanzu ɗan gidan tarihi ne, da wani masauki a tsohon ginin gandirobobi. Akwai ɗakunan horo, ƙofofinsu a buɗe, da sandar ƙarfen da ake zura wa marin ƙafa tana nan manne. Na taɓa shiga ɗaya na ja ƙofar. Duhu ne da warin danshi, sai ɗan haske ta wata kafa a sama, ga ƙarar teku tana shigowa kamar numfashi. Ban kai minti biyu ba na fito.

Maƙabartar da ke tsibirin ta 'ya'yan gandirobobi ce. Fursuna idan ya mutu ba a haƙa masa kabari, a kwale-kwale ake fita da gawarsa da yamma a jefa a ruwa, inda manyan kifayen nan masu cin mutum suke. Da na kai nan Kawu ya ajiye carbinsa ya ce, "Inna lillahi. Har da Musulmin?" Na ce teku ba ta tambaya, masu jefawar ma ba su tambaya ba. Mu da muke tsayar da kasuwa mu bi gawar wanda ba mu sani ba, wannan shi ne abin da ya fi tsaya mana a rai.

To amma duk wannan da na faɗa, tsibirin ba zai gaya maka shi ba. Wannan shi ne babban bambancinsa da Robben. A Royale babu wanda zai tare ka ya ce a nan aka ɗaure ni. Bayanan da ke bango mafi yawa da Faransanci suke, kuma fasinjan jirgi yawanci sakinsa ake yi ya zaga da ƙafarsa, a ce ya dawo matsaya kafin ƙarfe kaza. Wanda ya zo da karatunsa a kai, kowane bango zai yi masa magana. Wanda ya zo haka kawai, zai ga birai da kwakwa, ya sha ruwan sanyi a masauki, ya koma jirgi da hotuna. Na ga irin biyun. Saint-Joseph, inda ɗakunan kaɗaici suke, waɗanda rufinsu sandunan ƙarfe ne gandiroba na tafiya a sama yana leƙen na ciki, aka kuma haramta magana, shi ne ya fi girgiza zuciya, ga saiwoyin itatuwa sun naɗe bangaye. Sai dai manyan jirage ba kasafai suke kai mutane can ba. Wanda ke son ganinsa sai ya zo ta Kuru a ƙaramin jirgi.

Sannan ga maganar da takarda mai sheƙi ba ta faɗa da ƙarfi. Babban jirgi ba shi da matsaya a Royale. A tsakiyar ruwa yake tsayawa, a sauke ƙananan jiragen da ke rataye a gefensa, su riƙa jigilar mutane. Daga wani dandamali a gindin jirgin ake tsallakawa, ƙaramin na hawa yana sauka da igiyar ruwa, ma'aikata biyu na riƙe da damatsanka, sai sun ce yanzu ka taka. Na yi jinyar ƙafafun da suka gurɗe a wannan taki ɗaya. Babbar riga da zani ba su dace da shi ba, gwiwar Hajiya kuwa na san halin da take ciki. Idan ruwa ya yi tsanani, kyaftin zai sanar cewa yau ba sauka, jirgi ya zaga tsibiran a hankali ya wuce. Ba a dawowa gobe, kuma takardar da ka sa wa hannu ta ba kamfani damar canja hanya saboda yanayi. Ba na manta wani dattijo da ya gaya mini don wannan tsibirin kaɗai ya biya kuɗin tafiyar. Ranar ba a sauka ba. Ya tsaya a bakin ƙarfe da tabarau mai hangen nesa har tsibiran suka ɓace, bai ci abincin rana ba. Akwai kuma wani dalilin: tsibiran suna hannun hukumar sararin samaniya ta Faransa, domin daga Kuru ake harba rokoki masu ɗauke da tauraron ɗan'adam, kuma ranar harbawa kwashe kowa ake yi daga cikinsu.

Zafi ma sai an yi maganarsa. Basakkwace zai ce wane zafi ne bai gani ba, shi da ya saba da bazarar da ke wuce digiri 40. Namu busasshe ne, ka sami inuwar dogon yaro ka sha fura, gumi ya bushe. Na Giyana bai cika wuce 30 da kaɗan ba, amma iskar jiƙe take, gumi ba ya bushewa, numfashi ya yi nauyi, ga hawan tudu a kan duwatsu masu santsi in an yi ruwa. Kada mutum ya sa rai da mota. Mai hawan jini ko ciwon suga ya lissafa wannan da kyau.

Robben kuwa wata duniya ce dabam. Tsibiri ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba daji, a cikin mashigin da ke gaban Cape Town. Babban jirginka zai tsaya a tashar birnin kamar yadda mota ke tsayawa a tasha, ka sauka ta kan gada da ƙafarka. Jirgin da ke kai mutane tsibirin yana tashi daga wurin da aka sa wa sunan Nelson Mandela a bakin ruwan da ake kira V&A, kusa da nan. Tsallakawar wajen rabin awa ce zuwa awa ɗaya gwargwadon jirgin, ziyarar duka kuma, zuwa da dawowa, kusan awa huɗu. A tsibirin bas ke zagawa da mutane, daga baya a shiga kurkukun da ƙafa a kan daɓe mai laushin tafiya. Dattijuwa mai sanda za ta iya.

Bas ɗin zai tsaya a gidan da aka tsare Robert Sobukwe shi kaɗai daga 1963 zuwa 1969, bayan ya gama wa'adinsa, da wata doka da aka yi musamman dominsa ana sabunta ta duk shekara. Zai wuce maƙabartar kutare, don tsibirin ya yi zaman wurin ware su har 1931. Zai tsaya a ramin farar ƙasa inda Mandela da Walter Sisulu da Govan Mbeki da Ahmed Kathrada suka yi shekaru suna sara. Idan rana ta bugi farin bangon nan, ko da tabarau sai ka runtse ido, nan take za ka gane abin da ya lalata wa Mandela idanu. A gefe akwai ɗan kogo da suke kewayawa a ciki, inda masu ilimi ke koya wa marasa shi karatu, har aka riƙa kiran tsibirin jami'a. A bakin ramin akwai tarin duwatsu da tsofaffin fursunoni suka ajiye ɗaya bayan ɗaya da suka koma ziyara a 1995.

A ƙofar kurkukun ne abin da babu shi a Giyana yake jiranka: mutumin da zai zaga da ku, sau da yawa shi kansa an ɗaure shi a nan. Wanda ya zaga da mu karo na farko ya tsaya a tsakiyar wani dogon ɗaki, ya nuna kusurwa ya ce a can tabarmarsa take. Ya ɗaga allon da ke nuna rabon abinci, inda aka rubuta na baƙar fata dabam da na Indiyawa da barbarar yanyawa, baƙi su ne masu ƙaramin rabo, kuma da farko gajeren wando ake ba su ko a cikin sanyi. Ya ce sabon fursuna wasiƙa ɗaya da baƙo ɗaya yake samu a wata shida, wasiƙar ma sai an yanke abin da ba a so da reza. Muryarsa ba ta tashi ba, ba ta rawa ba. Kowa ya yi tsit. Waɗannan mutane suna tsufa. An saki fursunonin siyasa na ƙarshe a 1991, aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi a 1997, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Bangon zai daɗe, amma masu bakin ba da labarin kullum raguwa suke yi, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin gaggauta zuwa.

Ɗakin Mandela ɗan ƙarami ne, bai wuce mita biyu da ɗan wani abu ta kowane gefe ba, da tabarma da bargo da bokiti. Shekara 18 daga cikin 27 da ya yi a ɗaure a nan ya yi su, daga 1964 zuwa 1982, da lamba 466/64. Ba zan ɓoye aibin Robben ba: a layi ake wucewa, ka leƙa ta sanduna, na bayanka na jira. Komai da lokacinsa, ba a barinka ka zauna ka yi tunani kamar a Royale, kuma a watan Disamba da Janairu cunkoso ne, tikiti na ƙarewa tun da kwanaki. Iskar bazarar Cape Town ma takan hana jirgin tsallakawa. Bambancin shi ne idan an soke na yau, akwai na gobe, muddin ka ba kanka kwanaki a birnin.

Akwai abin da na ajiye wa Kawu sai ƙarshe, don na san shi zai taɓa shi. Tun kafin Mandela da kusan shekara 200, Turawan Holan suna kawo malamai da sarakunan Musulmi daga tsibiran Indunusiya suna tsare su a Robben. Kusa da kurkukun akwai hubbare mai koren ƙubba na Sayyid Abdurrahman Moturu, wanda ya rasu a tsibirin a 1754. Sannan akwai Imam Abdullahi ɗan Ƙadi Abdussalam daga Tidore, wanda mutanen can ke kira Tuan Guru. An kawo shi a 1780, ya yi fiye da shekara goma a tsare, kuma a cikin wannan zaman ya rubuta Alƙur'ani da ka, don babu kwafi a hannunsa. Da aka sake shi ya buɗe makaranta, ya zama limamin masallacin Auwal da aka kafa a 1794 a unguwar Bo-Kaap, masallaci na farko a ƙasar. Ɗaya daga cikin rubutun nasa yana nan a masallacin. Ka duba shekarun: lokacin da wannan bawan Allah ke rubutu a tsibiri, Shehu Usmanu yana yawon wa'azi a Gobir da Zamfara, shekaru kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Mutumin Sakkwato da ya tashi yana ganin alarammomi na rubuta Alƙur'ani da ka, da tawada da alƙalamin gamba, idan ya tsaya gaban wannan rubutu ba sai an yi masa tafinta ba.

Kawu ya yi shiru, sannan ya kawo nasa. Ya ce raba mutum da ƙasarsa ai horon da muka sani ne, ba sai an je teku ba. Sarkin Kano Alu, bayan 1903, a Lakwaja ya ƙare kwanakinsa, haka Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Ya kuma tuna 1976, yana sabon malami, lokacin da gwamnatin Nijeriya ta kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikata suka ba da wani abu daga albashinsu. Nijeriya ta daɗe tana shugabantar kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata, kuma Mandela ya zo ƙasar nan a 1990, shekarar da aka sake shi. Ya ce, "Ashe ina da ɗan kwabo cikin buɗe ƙohwar nan." Na ce ƙwarai, Kawu.

Saura maganar takardu, wadda ita ke karya tafiya tun ba a fara ba. Tafiyar Amazon ga mai fasfon Nijeriya tana nufin biza fiye da ɗaya: ta ƙasar da za a hau jirgi, wadda sau da yawa Amurka ce, da ta Birazil, da duk abin da ake nema a tsibiran da za a ratsa. Giyana yanki ne na Faransa, da kuɗin Yuro ake ciniki, amma ba ta cikin yankin Shengen, don haka bizar shiga Turai ba ita ce ta shiga can ba. Kamfanin jirgi na iya hana ka hawa idan biza ɗaya ta ɓace, ko da ka ce ba za ka sauka a wannan tashar ba. A nemi jerin abin da ake buƙata a rubuce kafin a biya ko sisi. Ta Afirka ta Kudu biza ɗaya ce babba, sai a duba ko jirgin zai leƙa Namibiya ko Mozambik. Daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku zuwa Legas, daga Legas wajen awa shida zuwa Johannesburg, sai awa biyu zuwa Cape Town. Katin rigakafin zazzaɓin shawara kuwa duka biyun sai da shi.

Zaman cikin jirgin kansa ma abin lissafi ne ga mutum irin Kawu. Waɗannan jirage akwai mashaya da gidan caca da kiɗa har dare, ba masallaci. Sallah a ɗaki ake yi, alƙibla na juyawa yadda jirgi ya juya, sai a dogara da na'urar waya ko taswirar da ke talabijin ɗin ɗaki. Naman halal sai an nema tun wajen biyan kuɗi, in ba haka ba kifi da ƙwai da ganye za a yi ta ci. A tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin a tashi, a kuma sa buta a jaka. Mutum na iya tsare kansa sarai, na ga iyalai Musulmi da suka yi, amma jure wannan na kwana huɗu ko biyar dabam yake da na mako biyu da Juma'a biyu a kan ruwa. A Cape Town kuwa masallatai da gidajen abincin halal ba sai an wahala ba.

Ban ce tafiyar Giyana ba ta da mai ita ba. Wanda ƙafarsa ke da ƙarfi, yake da bizar Amurka a hannu, kuma kogin Amazon ne ainihin abin da ke ransa, ya ga yadda jirgin teku ke shiga ruwan daɗi kwana da kwanaki har Manaus, wannan ya tafi, ya karanta tarihin tsibiran kafin ya tashi, in Allah ya sa an sauka a Royale ya ɗauke ta ƙari. Shirun wurin ba ya barin mutum, ni har yau yana dawo mini. Abin da ba zan yarda wani nawa ya yi ba shi ne ya zuba kuɗin mako biyu saboda awa huɗu da iska za ta iya hanawa. Ga dattijo da matarsa da suke son su ji tarihin kurkuku daga bakin wanda ya kwana a ciki, su kuma ga abin da ya haɗa wurin da addininsu da ƙasarsu, Robben na ce. Na ƙara da sharaɗi uku: su isa Cape Town kwana uku kafin jirgi ya tashi, su sayi tikitin tsibirin ta intanet na safiyar washegarin isarsu don in an soke a sami wata ranar, su kuma riƙe rigar sanyi, domin ko da yake hunturunmu bazararsu ce, iskar kan ruwa na ratsa ƙashi.

Ana cikin haka Hajiya ta ɗaga labule da kwanon fura a hannu, ashe tun ɗazu tana ji. Ta ce, "Wanga masallaci da kac ce, mata na shiga su ga Alƙur'anin?" Na ce suna shiga, Hajiya, sai dai a daidaici lokacin da ba a sallah, a kuma yi magana da masu kula da shi tun da wuri. Ta ajiye kwanon ta ce to ita can za ta. Kawu ya ninke takardar Amazon gida biyu ya sa ƙarƙashin buzu, ya miƙo mini ɗayar, ya ce ranar Litinin in zo da mota da sassafe mu je a duba katin rigakafinsu.